Farm Centre: Ana Taya Waya, Ba a Taya Kati

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano kusan komai ana tayawa. Mai saye zai ɗauki Tecno ko Itel, ya jujjuya ta, ya kunna, ya yi tayi. Mai shago ya ce albarka, shi kuwa ya matsa rumfar gaba, don ya san irinta na nan jibge. Ga masu sayar da ta hannu, ga masu gyara sun duƙufa kan wayoyin da aka farke ciki, ga yara masu liƙa gilashin kariya, kowa na jan ciniki. Amma da zarar an saka layi, tayi ya ƙare. Mai sayar da kati da data 'yar ribar da ke kai kawai yake ci, farashi daga sama yake sauko masa.

A suna, kamfanonin layi huɗu ne a Najeriya. A aikace, MTN na riƙe da fiye da rabin masu layi, Airtel wajen kashi ɗaya cikin uku, Glo ta ja baya, 9mobile kuwa, wadda ta koma T2 a 2025, sai dai a ce tana raye. Shi ya sa da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, mai waya bai ga inda zai gudu ba. Kamfanonin ma tare suka kai kukansu, suna neman a ninka kuɗin.

Suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Naira ta faɗi warwas tun 2023, da dizal ake kunna turakun sabis, da dala ake sayo kayan aiki, har MTN ta bayyana asarar kimanin naira biliyan 400 a 2024. Sai dai tsadar kayan aiki ba ta bayyana dalilin da ya sa babu wanda ya fito ya karya farashi don ya kwashe masu saye ba. An taɓa ganin wanda ya yi haka. A 2001 kira naira 50 ne minti guda, ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe, kamfanonin kuma suna cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu nan kusa ba. Glo na shigowa da shi a 2003, sai ga su sun bi sahu ba shiri. Yau ba wanda ke da ƙarfin yi musu wannan barazana.

Akwai masu cewa in aka auna da dala, datar Najeriya na cikin masu araha a Afirka. Haka ne, amma ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba dala ake biyan sa ba. Wasu kuma su ce tun 2013 mutum na iya sauya kamfani da lambarsa. Wannan sai a birni. A ƙauyen da kamfani ɗaya ne sabis ɗinsa ke kaiwa, sauya zuwa ina? Ko wayoyi masu layi biyu da suka cika shaguna, waɗanda ake ɗauka shaidar zaɓi ce, akasin haka suke nunawa: rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki, mutum na zuba kuɗi wuri biyu don bai amince da ko ɗaya ba. NCC ta raba lasisi ga ƙananan kamfanoni da dama don a faɗaɗa gasar, to amma su ma sai sun yi hayar hanya daga manyan nan da za su yi gogayya da su, a kan kuɗin da manyan suka yarda.