Koyar da Labarin Duniyoyi Masu Kewaya Rana ga Ɗaliban da Ba Su Gama Jin Turanci Ba: Misali daga Ƙasar Jahun

A cikin manhajar kimiyya ta ƙananan makarantun sakandare akwai wani ɗan darasi mai sauƙin haddacewa, mai wuyar ganewa, watau labarin rana da duniyoyin nan takwas masu kewaya ta. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 a Jahun, ko Aujara, ko Harbo, yana iya jera sunayen nan takwas da Turanci babu gargada, ya ci makinsa a jarrabawa, sa'an nan ya fito da magariba ya ga Zara tana haskawa a yamma, bai san cewa ita ce ta biyu a cikin jerin da ya rera da safe ba. A ganinsa abin da ke cikin littafi dabam, abin da ke bisa kansa dabam. Idan haka ta faru an yi hasara biyu ke nan: bai sami kimiyyar ba, Turancin kuma da aka ce don shi aka wahalar da shi bai ƙaru da kome ba sai sunaye takwas.

Asalin matsalar ba a ajin kimiyya yake ba. Tsarin ilmi na ƙasa wanda aka fitar a 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da aka fi ji a yankinsa, a shekarun farko na firamare, daga baya a juya zuwa Turanci. Da aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai ƙaramar sakandare ta zama wurin da ake zaton yaro ya riga ya ƙware da Turanci har ya iya ɗaukar kowane fanni da shi. A birni, inda yaro ke jin Turanci a gida ko a titi, zaton yana iya zama gaskiya. A ƙasar Jahun kuwa, inda ake ciniki da wa'azi da wasa da Hausa, wasu gidajen kuma da Fulatanci, yaro ba ya gamuwa da Turanci sai a cikin aji. Tun daga 1970 aka yi wani gwaji a Jami'ar Ife a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarabanci har shekara shida, Turanci yana zaman darasi guda, kuma sakamakon ya nuna yaran ba su koma baya ba, har ma a Turancin kansa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukan shekaru shida na firamare. A 2025 aka ba da sanarwar janye wannan. Ko ma ina manufa ta karkata, malamin da ke tsaye gaban allo ba zai jira ta daidaita ba.

Abin da ya kamata ya fara lura da shi, shi ne yaran nan ba da hannu biyu suka zo ba. Ɗan ƙauyen da ke kwana a tsakar gida lokacin bazara ya fi ɗan Legas ko ɗan London sanin sararin sama, domin kuwa babu hasken lantarki mai yawa da zai dushe masa taurari. Ya san Kaza da 'Ya'yanta. Ya san Zara, wadda ake yi wa kirari da matar wata. Ya san Gamzaki, mai fitowa gabanin asuba. Ya ji manoma da malaman zaure suna lissafin taurarin damina, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, waɗanda suke cikin masaukai 28 da aka gada daga Larabawa, kowane ɗaya kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Wannan ilmi ne mai dogon tarihi a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan lissafi da taurari. Ko a boko ma ba yau aka fara bayyana kimiyya da Hausa ba: a 1949 Dokta R. M. East da Alhaji Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah a Zariya, a 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ƙagaggen labari na tafiya sararin samaniya.

Saboda haka duniyoyi biyar daga cikin takwas suna da sunaye a bakin malamanmu tun kafin zuwan Bature: Uɗaridu, da Zuhura, da Mirrihu, da Mushtari, da Zuhalu. Su ne Turawa ke kira Mercury, Venus, Mars, Jupiter da Saturn, kuma su biyar ɗin ne ido ke iya gani ba tare da na'ura ba. Ta shida ita ce wadda muke zaune a kanta. Sauran biyun ba su da tsohon suna a wurin kowa, gama sai da madubin hangen nesa aka gano su: Uranus a 1781 ta hannun William Herschel a Ingila, Neptune kuma a 1846, bayan masana lissafi sun riga sun ƙiyasta inda za a same ta.

A nan ne malami zai sami mabuɗin darasin duka. Zara da Gamzaki, waɗanda Bahaushe ya ɗauki ɗaya mace ɗaya namiji, abu guda ne, watau Zuhura. Da yake hanyarta tana tsakanin tamu da rana, ba ta taɓa yin nisa da rana a ganin ido. Iyakar ratar ba ta wuce digiri 47. Shi ya sa ko dai a gan ta a yamma bayan faɗuwar rana, ko a gabas kafin hudowarta, amma ba a taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Takan yi wajen wata takwas tana Zara, ta ɓace, ta sake fitowa ta yi kamar haka tana Gamzaki, zagayen duka kwana 584. Yaro zai yi musu, kuma musun nan shi ake so. Sai a tambaye shi ko ya taɓa ganin su biyun a dare guda, a ce ya je ya tambayi kakansa. Bayan haka a tsayar da yaro ɗaya a tsakar fili a matsayin rana, wani ya kewaya shi a kusa, wani a nesa, na nesan ya faɗi inda yake ganin na kusan, dama ko hagu. Yaron da ya gane wannan da ƙafarsa ya gane abin da Galileo ya tabbatar a 1610, sa'ad da ya ga Zuhura tana ƙaruwa tana raguwa kamar wata.

Sai maganar kalmomi, inda yawancin tuntuɓen yake. Hausa tana kiran duk wani ɗigon haske na sama tauraro, alhali Turanci ya raba star, mai hasken kansa kamar rana, da planet, wadda aron haske take yi. Idan malami ya fassara su biyun da tauraro ya rushe darasin tun daga tushe. Gara ya ce duniya, ko da yake ita ma kalmar tana da nata nauyin, tun da a kunnen Bahaushe kishiyar duniya lahira ce. Dole a tsaya a warware cewa dunƙulen ƙasa ko na iska ake nufi. Haka nan earth tana nufin duniya, tana kuma nufin ƙasar noma. Rana a Hausa ita ce mai haske, ita ce kuma yini. Wata shi ne na sama, shi ne na lissafi. Turanci kuwa ya ba kowanne kalmarsa. Kalmomin rotate da revolve kusan sauti ɗaya ne a kunnen mai koyo, amma Hausa ta raba su sarai: juyawa irin ta mazari a hannun mai kaɗi, wadda ke kawo dare da rana cikin awa 24, da kewayawa irin ta mai zagaya rumbu, wadda ke cika shekara. Abin mamaki, a wannan gaɓa Hausa ce ke taimakon Turanci.

Akwai kuma lafazi. Hausa ba ta bambanta p da f, ba ta da v, ba ta kuma son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma. Don haka za a ji Jufita, da Binus, da Fuluto. Wannan ba abin duka ba ne, gyara ne na sannu a hankali. Wanda ya fi bukatar kulawa shi ne Saturn, domin yadda ake furta shi a aji yakan yi daidai da sunan Shaiɗan a Turanci, yaro kuwa yana iya kai labari gida cewa an koya musu akwai duniyar Shaiɗan. A rubuta kalmomin biyu a allo, a nuna bambancinsu, a gaya musu daga sunan nan ne Turawa suka sami Saturday. A kan wannan hanya kuma ya kamata a bayyana wa iyaye, in ta kama, cewa ilmin falaki, wanda da irinsa ake sanin lokutan salla da tsayuwar wata, ba shi ne duba ba.

Ta fuskar nahawu kuwa, da wuya a sami darasin da ya fi wannan dacewa da koyar da kwatance. Bahaushe da kalma ɗaya yake yinsa: Mushtari ya fi duniya girma, Zuhura ta fi Uɗaridu zafi. Bature kuwa sai ya canja siffar kalmar, big ta koma bigger, ta koma biggest. Yaron da ya riga ya san abin da yake son faɗi, aikin da ya rage masa ɗaya ne, watau neman yadda zai faɗe shi. Jimla ta biyun ma tana jawo tambaya mai kyau, don Uɗaridu ya fi kusa da rana. Amma Zuhura tana lulluɓe da iska mai kauri wadda ke riƙe zafi har ya haura digiri 460.

Hoton da ke cikin littattafai yana da wani aibi: yakan jera duniyoyin kusa da juna kamar tumatir a faifai. Lambobi kuma ba su gyara wannan. A ce wa yaro tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, haske na yin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso, zai rubuta, amma ba abin da ya gani. Ƙasar Jahun tana da abin da makarantun birni ba su da shi, watau fili shimfiɗaɗɗe. A ɗauki ƙwallon ƙafa, mai faɗin santimita 22, a ajiye a bakin fili a ce shi ne rana. Bisa wannan awo Uɗaridu ƙwayar yashi ce a mita 9. Zuhura ƙwayar gero ce a mita 17. Duniyarmu, da Kogin Haɗeja da Kano da Makka da tekuna duka, wata ƙwayar geron ce a wajen mita 24, wata kuma yana santimita 6 daga gare ta. Mirrihu yana mita 36. Daga nan sai tafiya ta miƙe: Mushtari ɗan kanya ne a mita 123, Zuhalu ɗan magarya a mita 226, Uranus ƙwayar wake a mita 450, Neptune wani waken a mita 710. Yaron da aka ba waken ƙarshe, in ya waiwayo, da ƙyar zai hango ƙwallon. Shi ba sai an sake gaya masa dalilin da ya sa Uɗaridu ke gama kewayensa cikin kwana 88, Mirrihu 687, Mushtari kusan shekara 12, Neptune kuwa shekara 165 ba: hanyar ta fi tsawo, tafiyar kuma ta fi nawa. In wani ya tambayi inda za a ajiye tauraro mafi kusa da rana, amsar ita ce a fiye da kilomita 6,000, kusan ninki biyu na tsakanin Jahun da Makka.

Tsofaffin littattafan da suka rage a akwatunan makarantu suna cewa duniyoyin tara ne. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. An gano Pluto a 1930, aka lissafa ta ta tara har zuwa watan Agusta na 2006, lokacin da ƙungiyar masana falaki ta duniya ta yi taro a birnin Prague ta mayar da ita cikin ƙananan duniyoyi, bayan an gano wasu irinta a can bayan Neptune. A wannan shekarar ce kuma, ran 29 ga Maris, aka yi husufin rana wanda ya rufe Katsina da Gusau da Maraɗi da duhu da hantsi. Iyayen ɗaliban yanzu da yawa sun shaida shi, ana iya tura yara su jiyo daga bakinsu.

Littattafan nan kuma sukan zana lokutan shekara huɗu na ƙasashen Turai, da dusar ƙanƙara da zubar ganye, yaro ya haddace su alhali bazara da damina da kaka da hunturu ya sani. Ya fi amfani a nuna masa cewa karkatar duniya da digiri 23 da rabi ita ce ke sauya lokuta, ba nisa da kusa ba. Hasali ma duniya ta fi kusantar rana a farkon Janairu, sa'ad da ake jin ɗari a Jahun. Da yake garin yana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa kai, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. A kafa sanda a miƙe a filin makaranta, yara su riƙa auna inuwarta kullum da tsakar rana, za su ga ranar da ta shige ƙarƙashin sandar.

Kallon dare kuwa yana bukatar a zaɓi lokaci. Da damina gajimare ne, ga ambaliya, wadda a shekaru irin su 2020 da 2022 ta raba dubban mutanen da ke bin Kogin Haɗeja da gidajensu, har wasu makarantu suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Da hunturu hazo yakan rufe sama. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hazo, watau Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sama ta fi tsabta. A nan ne za a ba kowane yaro aikin gida: ya nemo ɗigon haske wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran, ya zana inda yake tsakanin taurarin da ke kusa da shi, ya sake zanawa bayan mako biyu, sa'an nan ya rubuta jimla uku da Hausa a kan abin da ya gani, uku kuma da Turanci.