Babu zinariya a cikin manhajar da aka turo maka

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun samarin Yalwawa da shagunan cajin waya, har ta kai ni bango. Wai kowane wasan intanet yana da "fasasshiyar" manhajarsa, wadda in ka sauke za ka wayi gari da zinariya marar iyaka da ƙarfin da babu mai ja da kai. Ana tura ta ta Xender, ana jefa ta a zaurukan WhatsApp, wani ma ɗari biyar yake karɓa kafin ya saka maka. Yanzu abin ya fara taɓa 'yan tsirarun ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da suka gano wasannin rubutu, waɗanda ya kamata a ce su ne za su wayar da kan saura.

Wasan rubutu, wanda ake kira MUD, ba shi da hoto ko kaɗan. Allo zai kwatanta maka inda kake, kai kuma ka rubuta abin da za ka yi, sauran 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban suna tare da kai a lokaci guda. Roy Trubshaw ne ya fara na farko a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, Richard Bartle ya ɗora a kai. Har yau irinsu Discworld da Aardwolf da Achaea suna nan da ransu.

Abin da mai tallar fasasshiyar manhaja ba zai gaya maka ba shi ne, wasan ba a cikin wayarka yake ba. Yana can kan wata babbar kwamfuta, wato saba, a wata ƙasa. Zinariyarka, takobinka, matakin da ka kai, duk a can aka rubuta su. Manhajar da ke hannunka aikinta biyu ne kacal: ta kai abin da ka rubuta, ta dawo maka da amsa. Ka dubi mai POS na bakin titi. Ko ka ɓalle na'urarsa ka yi mata duk dabarar duniya, kwabo ba zai ƙaru a asusunka ba, domin lissafin yana banki. A wasan rubutu ma abin ya fi fitowa fili, tunda haruffa ne zalla ke kai da kawo. To ta ina zinariyar za ta shigo?

Za a ce, ai wane ya gwada a wasan tseren mota, kuɗi suka cika masa allo. Gaskiya ne, amma wancan wasa ne na mutum ɗaya, wanda lissafinsa ke cikin wayar. Da zarar wasa ya zama na jama'a, saba ce alƙali. Ko da manhajar ta zana maka miliyan a allo, ka je sayen abu a kasuwar wasan ka gani, saba za ta ce ba ka da shi.

Sai a tambaya, wanda ya ɓata dare yana haɗa manhajar bogi, ya raba ta kyauta, me yake nema? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Mun ga haka a 2024, lokacin da wasan Hamster Kombat ya hana matasanmu barci, kowa yana dangwalar allo har a layin shan mai. A watan Yulin shekarar, kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya bayyana cewa ana raba wata manhajar bogi da sunan wasan ta Telegram, tana ɗauke da manhajar leƙen asiri mai suna Ratel, wadda ke karɓe ikon saƙonnin waya. Masu neman manhajar da za ta riƙa dangwala musu a kwamfuta kuma aka ɗana musu Lumma Stealer, mai kwashe kalmomin sirri. Ka tuna cewa wayar da kake wasa da ita, ita ce ke karɓar lambar sirrin da banki ke turowa. A cikinta OPay ɗinka yake, wataƙila ma da kuɗin adashin mahaifiyarka. Wallahi abin takaici ne saurayi mai karatun kimiyyar kwamfuta ya ga manhajar wasa tana neman izinin karanta saƙonninsa, ya danna amincewa ba tare da ya ɗaga gira ba.

Talauci da tsadar data suna da nasu hannu a wannan kwaɗayi, ban musa ba.

Abin dariyar shi ne, yawancin manhajojin wasan rubutu na gaskiya kyauta ne tun asali, babu abin fasawa. Mai kwamfuta ya nemi Mudlet, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ya sauke ta daga shafinta na ainihi, ba daga filashin aboki ba. Idan tsohuwar kwamfuta ce mai nishi, MUSHclient ta Nick Gammon ba ta da nauyi, amma ta Windows ce. Mai waya kaɗai, mafi sauƙi ya shiga shafin wasan ta burauza, da yawansu suna da tagar wasa a nan take. Wanda baƙin allo ba ya firgita shi zai iya saka Termux daga F-Droid, ya ɗora TinTin++ a ciki. Ni dai ga sabon shiga Mudlet nake zaɓa, saboda tana zuwa da jerin wasanni a shirye, tana kuma zana taswirar inda ka bi.

Saitin kansa abu biyu yake buƙata: adireshin wasan da lambar ƙofarsa. Aardwolf, alal misali, ana shigarsa ta ƙofa 4000. Idan manhaja ta wuce nan ta fara tambayar lambar BVN, ko jerin sunayen da ke wayarka, ko ta ce ka kashe Play Protect, goge ta kafin ka sha ruwa.

Sai batun kalmar sirri, wanda mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yawancin waɗannan wasanni suna bin tsohuwar hanyar telnet, wadda ke tura rubutu tsirara, ba a lulluɓe ba. Wanda ke kan wayifai ɗaya da kai, in ya san hannunsa, zai iya ganin abin da ka shigar. Saboda haka kada ka kuskura ka sa kalmar imel ɗinka ko ta Facebook. Ƙirƙiro wata daban don wasan kawai. Idan wasan yana da ƙofa mai tsaron TLS, bi ta nan, Mudlet tana da ɗan akwatin da za ka danna don haka.

Ka kuma sa tsarin haruffa a kan UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su fito maka kamar tafiyar kaza, ko da yake ba kowane wasa ke karɓarsu ba. Ka ƙara girman rubutu, domin karatu za ka sha, kuma da Turanci. Kana iya gajarta umarnin da kake yawan maimaitawa ya koma harafi biyu, wannan halas ne a ko'ina. Amma saita manhaja ta riƙa yin wasan ita kaɗai kana can kana barci, wasanni da yawa sun haramta shi, suna kuma rufe asusun wanda suka kama. Rubuta help rules a ranar farko ka karanta dokokin gidan, tun kafin ka kashe ɓera ko ɗaya a wasan.