Doguwar Takardar Magani Ba Ita Ce Lafiyar Yaro Ba

A asibitin shakatafi uwa takan shiga da yaro mai zazzaɓi da majina, ta fito da takarda mai layi biyar: farasitamol, maganin maleriya, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sirof ɗin tari, sai na ƙarin jini. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, idan aka duba takardun asibiti gaba ɗaya, bai kamata matsakaicinsu ya wuce magani biyu ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mura da yawancin tarin yara bairos ne ke kawo su, amokzisilin ba ya taɓa su. Abin da ya kamata malamin asibiti ya yi shi ne ya ɗaga rigar yaron ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, to ana zargin ciwon huhu, nan maganin ke da aiki. Minti ɗayan nan ne ake ƙyashi idan layi ya yi tsawo, sai a rubuta maganin kawai "don kada". Kowane irin wannan rubutu yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da yaron ke buƙatarsa da gaske ya ƙi ci.

Haka gudawa. Tun 2004 shawarar hukumar da UNICEF ita ce ruwan gishiri da sukari tare da zink na kwana 10 zuwa 14, amma har yau Flagyl ake fara nema. Zazzaɓi ma tun 2010 aka ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya.

Iyaye ma da nasu kason. Malamin da ya ce "Hajiya, mura ce, ki ba shi ruwa da nono," sai a ce bai iya aiki ba, a wuce kemis a nemi allura. Sirof kuwa ana ganinsa kamar alewa, alhali a 2008 da 2009 gurɓataccen sirof ɗin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Nijeriya. Ƙwayar nan da ake kira ja da yalo, wadda ake fasawa a jiƙa wa yaro, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 8 ita, domin takan rina haƙora har abada.