Saran dogon turare a Kirkisoy

'Yan'uwa manoma da makiyaya, wanda ya ƙetare gadar Kenedi daga Yamai ya nufi Kirkisoy zai hangi dogayen itatuwan turare a bakin gonakin shinkafa. Ba iccen ƙasarmu ba ne. Asalinsa daga Ostareliya yake. Can a tsibirin Tasmaniya akwai wani ɗan'uwansa da aka auna a 2018, ya kai mita 100. Namu na bakin kogin Isa bai kama ƙafar wannan ba, amma mita 20 ma ba abin wasa ba ce ranar da za ta faɗo.

Da idona na gani. Wani maƙwabcina ya sa gatari ga turarensa kamar mai saran sabara, yana sara ta ko'ina. Iccen ya tsage tun daga gindi, ya juya, ya kwanta bisa katangar wani. Allah ya kiyaye babu yaro a wurin. Kuɗin iccen duk suka tafi gyaran katanga.

To, kafin sara, a fara zuwa wurin malaman daji a karɓi izini. Dokar daji ta 2004 tana nan. Bayan haka a auna iccen. Ga dabarar da nike koya wa ɗalibaina a ajin yaƙi da jahilci. Ka kafa sanda mai mita 1 a fili. Ka jira har inuwarta ta yi daidai da tsawonta. A wannan lokacin inuwar turaren ita ce tsawonsa. Ka auna ta da igiya. In ka sami mita 20, to, kowa ya ja baya mita 40, mutum da dabba. Makiyayi ya kora shanunsa tun da wuri.

Ka duba inda iccen ya karkata. Ka duba wayar lantarki da hanyar ruwan shinkafa. In ana iska, a bari sai wata rana. A ɗaura doguwar igiya a sama, masu ja su tsaya nesa. Sara na fari a gefen da ake son ya faɗi: a buɗe baki, ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindi. Sara na biyu ta baya, sama kaɗan da na fari. Kada saran biyu su haɗu. Ɗan abin da ya rage a tsakani shi ke riƙe iccen kamar marfin ƙofa, ya kai shi inda ake so. Da ka ji ƙara, ka kauce baya ta gefe, kada ka tsaya daidai bayan gindi, don yana harbi kamar jaki.

Icce ya faɗi, saura amfani. A ɓare ɓawon tun yana ɗanye. A jera sandunan a inuwa bisa duwatsu, don turare yana tsagewa in ya bushe da gaggawa. Miƙaƙƙun sanduna su ne kuɗi: rufin ɗaki, dirkar rumfa, shingen garke. Magina suna tokare rufin siminti da su, shi ya sa ake nemansu a kasuwar Katako. Jar zuciyar tsohon icce tana jimre wa gara, amma farin na waje gara ba ta raga masa. Rassa su tafi murhu. Ganye kuwa dabbobi ba su damu da shi ba, sai mata su tafasa shi a yi sirace in mura ta kama.

Ni dai ba na son a dasa shi dab da gona, don yana shan ruwa ƙwarai. Amma wanda ya riga ya tsaya, a sare shi ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a karkace don kada ruwa ya kwanta bisa kututturen. Zai yi toho da yawa. A bar biyu ko uku masu ƙarfi, a cire saura.