Ruwan sama ba ya kwashe shara

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, ana tsayar da zirga-zirga a Kano domin tsaftar muhalli, kuma kullum sai an yi musu a kai. Wasu na cewa hana talaka neman abinci ne kawai. Wasu kuma su ce tun zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon ake wannan shara, amma har yau bola tana nan inda take.

Abin da ya fi damuna wata ɗabi'a ce da muka ɗauka dabara. Da hadari ya haɗo, sai a tura yara su juye kwandon shara a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Ɓawon doya da ganye sukan ruɓe, amma leda ba ta ruɓewa. Ledar fiya wata tana tafiya har ta iske kwalbati, ta maƙale, ta tare yashi, yashin ya tare wata ledar. Kamar rariya ce da aka tace gasara da ita ba a wanke ba: ƙofofin suna nan, amma ruwa ba ya wucewa. Sai ya koma baya, ya shiga zaurukan mutane, ya ci gindin katangar ƙasa, ya haɗe da masai ya gangara rijiya. Ta nan amai da gudawa ke shigowa unguwa. Abin da ya tsallake kuma kogin Jakara yake faɗawa, ga manoman rani suna ban ruwan latas da kabeji da shi a hanyarsa ta zuwa dam ɗin Wasai. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga ambaliyar 2022 da idonsu, lokacin da ruwa ya jiƙe atamfofi da shaddodi a shaguna.

Da can sharar birnin nan dukiya ce. Toka da kashin dabbobi ne akasarinta, manoman karkarar Kano suna ɗiba a mangala a kan jakuna su kai gona. Leda ce ta ɓata wannan taki. Da kowane gida zai ware leda da roba gefe guda, 'yan jari-bola su karɓi robar, sauran kuma ya koma gona.

Ina goyon bayan wayar da kai, amma a kai shi inda sharar ke fitowa: ta bakin masu unguwanni, da limamai, da malaman Islamiyyar matan aure, domin uwar gida ce ke aiken yaro da kwandon. Hukumar kwashe shara ta REMASAB kuma ta sani cewa duk wanda aka hana zubawa a kwata sai an nuna masa wurin zubawa kusa da gidansa. Matasan unguwa suna yashe magudanar ruwa da kuɗin aljihunsu, su tara dattin a bakin hanya suna jiran mota. In ba ta zo a ranar ba, ruwan farko da zai sauka shi zai mayar da shi ciki.