Ranar Hutun Da Ba A Hutawa A Ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata rana cikin shekara wadda hukuma ke rufe ofisoshinta, makarantu su tashi, amma jama'a da yawa ba sa zaman gida. Ita ce Litinin ta uku ga watan Janairu, lokacin da sanyi ya tsananta a can har ruwa kan daskare a wasu jihohi. A ranar nan magidanci kan fito tun da sassafe, shi da mai ɗakinsa da 'ya'yansa, su nufi inda ake dafa wa mabukata abinci. Waɗansu su shafe bangon makarantar unguwa da fenti, waɗansu su tara barguna da rigunan sanyi domin marasa wurin kwana. Yaro ɗan shekara bakwai ma akan ba shi aikin jera gwangwanayen abinci cikin kwali. Da a ƙasar Hausa ne, da an ce gayya ce, sai dai wannan gayyar ba ta da mai gona.

An keɓe ranar ne domin tunawa da Martin Luther King, limamin coci baƙar fata, wanda aka haifa a birnin Atlanta ran 15 ga Janairu 1929, aka kuwa harbe shi a Memphis ran 4 ga Afrilu 1968. Ya taɓa taka ƙasar Afirka, domin ya halarci bikin 'yancin Gana a 1957, ya kuma zo Ikko a 1960 wajen naɗin Azikiwe a kan Gwamna-Janar. Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar hutun a 1983, aka fara yi a 1986, amma sai a shekarar 2000 dukan jihohi hamsin suka bi. A 1994 Majalisa ta ƙara wata doka, wadda ta nemi a mai da ranar ta yi wa jama'a hidima. Cikin waɗanda suka kawo ta akwai John Lewis, mutumin da 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar Selma a 1965, yana nema wa baƙar fata ikon jefa ƙuri'a.

To, mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin neman 'yanci da tukunyar abinci? Amsar tana garin Montgomery na jihar Alabama, inda sunan King ya fara fita.

A garin nan, ƙa'idar motocin bas a wancan zamani ita ce farar fata su zauna gaba, baƙaƙe baya, in kuwa gaba ya cika sai baƙi ya tashi ya ba da wurinsa. Ran 1 ga Disamba 1955 wata mai ɗinki, Rosa Parks, ta ƙi tashi, aka kama ta. Ran 5 ga wata baƙar fata suka ƙaurace wa motocin, alhali su ne kusan kashi uku cikin huɗu na masu hawa. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa abin da wannan ke nufi ga mai mota. Amma fa ƙauracewa da baki tana da sauƙi. Mai aikin gidan Bature dole ta isa wurin aiki da safe, ko ana ruwa ko ana sanyi. Da fari masu tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutane a kan santi 10, daidai kuɗin bas, sai hukumar gari ta yi musu barazana da doka. Daga nan masu motar kansu, wajen 300, suka tsara layi suna kai mutane suna komo da su. Sauran suka bi ƙafa. Haka aka yi kwana 381, har Kotun Ƙoli ta rushe ƙa'idar a ƙarshen 1956.

Mota kuwa ba ta tafiya da wa'azi, sai da mai da taya. A nan ne ya kamata a ambaci Georgia Gilmore, mai dafa abinci, uwar 'ya'ya shida. Ta tara mata suna soya kaji, suna gasa kayan zaƙi, ana sayarwa a majami'u da shagunan gyaran gashi, ita kuma ta kai kuɗin wurin taron mako. Matan nan da yawa a gidajen farar fata suke aiki, in an san da hannunsu sai kora. Saboda haka ita kaɗai ta san sunayensu, aka riƙa kiran ƙungiyar da sunan da ma'anarsa ita ce “daga babu ko'ina”. Da ta ba da shaida a shari'ar King a 1956, masu gidan abincin da take yi wa aiki suka sallame ta. Sai ta buɗe nata a cikin gidanta, King da mutanensa suna cin abinci a teburinta.

Wannan shi ne abin da uba mai hankali yake so ɗansa ya gane ranar da ya miƙa masa ludayi. Ba kowa ke ganewa ba. Kantuna da yawa sun mai da ranar ta rangwamen kaya, wasu iyalai kuma sukan yi aikin awa biyu, a ɗauki hoto, sai baɗi. Yaro kuma yakan tashi da suna ɗaya tak a kansa, kamar mutum guda ne ya yi tafiyar ƙafar nan duka. Shi ya sa waɗansu iyaye ba su tsayawa ga gayyar. Sukan kai 'ya'yansu Memphis, masaukin Lorraine inda aka harbi King, wanda ya zama gidan tarihi tun 1991, a gaya musu cewa yajin aikin masu kwasar shara ne ya kai shi garin. Waɗansu kuma su jira watan Maris su je Selma, su haye gadar nan da ƙafa, manya da yara, kamar yadda ake yi kowace shekara.

A irin wannan taro na 1990, da tattakin Selma ya cika shekara 25, Georgia Gilmore tana cikin dafa wa masu zuwa abinci ajali ya riske ta. Abincin da ta dafa, shi aka raba wa waɗanda suka zo ta'aziyya.