Yadda Fumfuna Ke Cinye Tsofaffin Zane-zane

'Yan'uwa, mun san fumfunar da ke hawa littattafanmu da damina. To, ita ce ke lalata tsofaffin zane-zanen fentin mai. Masu zanen dā kan shafa wa ƙyalle gam ɗin fatar dabba kafin su sa fenti. Idan laimar iska ta wuce kashi 70 cikin ɗari, sai fumfuna ta ci gam da zare, fenti ya riƙa ɓarewa.

A 1966 kogin Arno ya yi ambaliya a birnin Florence na Italiya, fumfuna ta hau zane-zanen da suka jiƙe. Masu gyara sun busar da su sannu-sannu, don bushewar gaggawa tana tsaga fenti.

Ai rigakafinta iska ce da bushewa. Mu ma kada mu jingina littafi da bango mai laima.